Inda Gwaggo Take Tsayawa

Motar Baba ta girme mu duka, shi ya sa muke ce mata Gwaggo. Shuɗiya ce, doguwa, mai ƙarafa masu ƙyalli gaba da baya, irin wadda in an tsaya da ita a gidan mai sai samari sun zo sun jingina da ita sun ɗauki hoto. Da safe sai ta yi tari kafin ta tashi. Allurar da ke nuna mai ta mutu tun ina firamare, don haka akwai wata siririyar sanda a but ɗin baya wadda ake zurawa a tanki a ga inda mai ya tsaya. Duk da haka, a iya sanina ba ta taɓa ba Baba kunya a hanya ba, sai bayan rasuwar Umma.

Ni ce auta, kuma gidana ba shi da nisa da na Baba, to ni na fara jin labarin. Wani maƙwabcinsa mai sayar da kayan gini ne ya tare ni a bakin layi.

"Na ga tsohonku jiya da yamma a bakin titi, can bayan gada," in ji shi. "Yana zaune cikin mota shi kaɗai, hannu a kan sitiyari. Na tsaya in taimaka, ya ce in wuce, yanzu za ta tashi. Shekaranjiya ma a nan na gan shi."

Na san wurin tun kafin ya gama kwatance. In ka haye gada, hanya takan ɗauki hawa, sai ta karya kwana a daidai wani gini mai baranda. Yanzu fenti ake sayarwa a ciki, amma da ƙaramin asibiti ne, a nan Umma ta yi aikin jinya har ta yi ritaya. Kullum da yamma Baba ne yake zuwa ɗaukarta da Gwaggo, mu muna baya muna faɗa a kan wanda zai zauna kusa da taga. Yanzu kuma ta nan yake bi kowace yamma in zai je wurin abokansa, tsofaffin ma'aikatan gidan ruwa irinsa, waɗanda suke taruwa a ƙofar wani shago a ƙarshen gari suna gyara duniya da baki. Wannan fitar ita ce kaɗai ta rage masa. In babu ita, to daga shi sai falo, sai kujerar Umma da ba wanda yake zama a kanta.

Da labarin ya kai kunnen Yaya, babbanmu, bai yi wata-wata ba ya kai motar wurin Mai Kunne. Mai Kunne bakaniken Baba ne tun suna da baƙin gashi, kuma ya samo sunan ne saboda yadda yake ɗora ƙarshen sukuddireba a jikin inji, ya kafa kunne a ƙotar, ya lumshe ido kamar mai sauraron rediyo. Ya canza fulogogi. Ya kwance kafireta ya wanke ta tas, ya sa sabuwar matatar mai, ya goge kwantak, ya duba wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Da Gwaggo ta sake mutuwa a wurin nan dai, sai ya canza kwal ɗin wuta, wannan kuwa ni na san don kada a ce bai yi komai ba ne. Daga nan Yaya ya karɓi makulli, ya zura sanda ya ga akwai mai, ya tuƙa ta da kansa ya haye gadar nan ya dawo, ya sake hayewa ya dawo. Ko atishawa Gwaggo ba ta yi ba. Mai Kunne ma ya gwada, lafiya lau. Washegari Baba ya fita, ta mutu a ƙofar shagon fenti.

Yaya ba mugu ba ne, amma mutum ne da in ya tsorata sai ya koma ba da umarni. Ya tara mu a falo, ni da Baba, ya zauna a bakin kujera yana juya wayarsa a hannu.

"Baba, mun duba motar nan ciki da bai. Ba ta da komai. Me yake faruwa in ka kai wurin?"

"Tsayawa take yi."

"Don me sai a wurin?"

Baba ya kurɓi shayinsa, ya ajiye kofin a hankali. "Wurin tsayawarta ne. Ta saba."

Na ga fuskar Yaya ta canza. Ya ja ni kicin, ya tura ƙofa, ya rage murya, ko da yake da ya bar ta yadda take ma Baba ba zai ji ba, don kunnensa ya yi nauyi.

"Kin ji abin da ya ce? Mota ta saba! Auta, ba motar ce ke mutuwa ba, shi yake kashe ta, bai ma san ya yi ba. Wurin nan kwana ce, manyan motoci suna gangarowa da gudu. So kike sai an kira mu a waya? Ƙarshen makon nan zan karɓi makullin, mu kai shi ya ga likita."

"In ka karɓi makullin ka kashe shi da ransa."

"Gara ya yi fushi da ni yana raye."

Da muka koma falo Yaya ya faɗa wa Baba shawarar da ya yanke, cikin ladabi, yana kallon ƙasa. Makullin yana kan tebur kusa da kofin shayi, sai kawai Baba ya ɗora tafin hannunsa a kai, ya bar shi a nan har muka tafi.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Taurin kan Baba ni na gada, don haka washegari na je na ce yau da ni za a fita. Na same shi a tsakar gida da tsumma da gwangwanin man goge mota. Da can sai an yi biki ko za a yi doguwar tafiya yake goge Gwaggo, amma tun da Umma ta rasu ya mayar da abin aikin kowace safiya. Lokacin da suka saba zama su sha shayi tana karanta masa jarida da ƙarfi, shi ya koma lokacin guga. Yakan shafa man ya yi kauri, ya bari ya bushe ya yi fari, sannan ya bi shi da tsumma, tun daga fitilu har hannun ƙofa har murfin tanki. Motar tana sheƙi har tana kashe ido.

"Yayanki ne ya turo ki leƙen asiri?"

"Ni na turo kaina. Ko ba ka ɗaukar fasinja?"

"Ina ɗauka, in ba mai surutu ba ce."

"To ka yi asara."

Da yamma muka fita. Mun fara tsayawa a gidan man da ke bakin layi, don Baba ba ya yarda ya hau titi sai tanki ya cika har wuya, ko da jiya ya cika shi. Mai zuba man ya miƙa hannu zai rufe murfin, Baba ya ture hannun. Ya zaro hankici, ya naɗe murfin da shi, ya murɗa, ya ƙara murɗawa har sai da na ga jijiyar wuyansa. Ban yi mamaki ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana bin bututun gari yana farautar yoyo ba ya ganin abu mai murfi ya bar shi sakwa-sakwa. A gidanmu in Baba ya rufe famfo, sai an kira shi ya buɗe. Umma ta sha tsayawa a kicin da kwalba a hannu tana cewa, "Ku kira min babanku ya zo ya kwance abin da ya ɗaure."

Na zauna a gaba, a wurin Umma, na yi kamar ina kallon titi, amma idona yana kan hannunsa da ƙafafunsa. Tuƙinsa bai canza ba ko kaɗan. Yana sa sigina tun kafin a ga kwana, yana canza giya ba ka ji, yana yi wa masu babur nasiha ta cikin gilashi. Muka ratsa kasuwa, muka wuce tashar mota da dogon layin shagunan masu walda, muka hau gada.

A tsakiyar hawan ne Gwaggo ta yi shaƙuwa. Ta ja, ta saki, ta sake ja. Baba ya taka totur, na ga ƙafarsa ta nutse har ƙasa, injin ya amsa da ƙyar sannan ya yi shiru. Hannayensa biyu suna kan sitiyari, ba wanda ya je kusa da makulli. Ya taka kuloci, ya bar ta ta gangara da sauran ƙarfinta zuwa gefen titi, ta tsaya a daidai barandar shagon fenti.

Ashe ba shi yake kashe ta ba. Na so in fasa ihu don murna, amma da na juya na ga fuskarsa sai na haɗiye. Ba fuskar wanda mota ta mutu masa ba ce. Ya jingina da kujera, yana kallon ƙofar shagon, inda wani mutum yake fito da bokitan fenti yana jerawa.

"Kullum Ummanku ce ta ƙarshen fitowa," in ji shi. "Sai kowa ya watse. In na yi magana ta ce ciwo bai san an tashi aiki ba."

"Na tuna. Har barci muke yi a baya."

"Ke dai kike barci. Yayanki ƙorafi yake yi."

Wata babbar mota ta gangaro ta kwanar da hon, iskarta ta girgiza mu. A nan na gane cewa tsoron Yaya ba na banza ba ne, kuma na ji haushin ganewar. Mun ɗan jima a haka, sannan Baba ya ce bari ya duba mai, kamar yadda ya ce yana yi kullum kafin ya sake gwada ta. Na bi shi. Ya ɗauko sandar a but, ya naɗe murfin tankin da hankici, ya murɗa da ƙarfi.

Murfin yana sakuwa na ji wata doguwar ƙara, fuuu, kamar mutum ya daɗe a cikin ruwa ya ɗago ya ja numfashi. Har tankin ya yi ɗan ƙas daga ƙasa.

"Baba, ka ji?"

"Me?"

"Ƙarar nan."

"Wace ƙara? Mai dai ga shi nan, ko rabin yatsa bai sauka ba." Ya nuna min sandar, ya mayar da murfin ya ɗaure. Ya shiga ya murɗa makulli, ta yi gurnani kaɗan, ta tashi kamar ba ita ba. "Kin gani? In ta gama abin da ya tsayar da ita, tashi take yi."

Ni ban san komai a kan inji ba, ko taya ban taɓa canzawa ba. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma na san abu ba ya jan numfashi haka sai in an toshe masa hanci. Da safe na kira Yaya na ce ya same mu a garejin Mai Kunne. Ya ce yana da aiki. Na ce aikin ya jira, ai makullin ma da yake son karɓa bai gudu ba.

Garejin rumfa ce ta kwano, ƙasa ta yi baƙi da tsohon mai, ga gawarwakin injuna a jere a gefe. Mai Kunne ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu. Na kwaikwaya masa ƙarar da bakina, Yaya yana harara ta kamar na zo wasan yara. Mai Kunne kuwa ya tsaya cak. Bai ko kalli bonet ba, ya zagaya baya, ya kama murfin tankin, ya kasa buɗewa.

"Zo ka kwance abin da ka ɗaure," ya ce wa Baba, kalmomin Umma sak a bakinsa.

Baba ya buɗe. Mai Kunne ya kai murfin hasken rana, ya juya shi, ya sa a baki ya hura, kumatunsa suka kumbura, iska ba ta wuce ba. Ya miƙo min.

"Idona ya gaji. Duba saman nan, kusa da tsakiya. Akwai wata 'yar ƙofa, ba ta fi bakin allura ba."

Da farko ban ga komai ba sai ƙyalli. Da na karkata shi sai na hango wani ɗan ɗigo fari, ya bushe ya yi tauri, ya yi daidai da ƙarfen kamar da shi aka ƙera. Na zare fil daga gyalena na soka. Wani ɗan dogon abu fari ya fito, na murza shi a yatsa na shinshina. Man goge mota ne.

Mai Kunne ya dafe kai. "Ni da ake kira Mai Kunne, ga wadda ta zo ta ji min abin da ban ji ba. Ka ga, Babban Yaya, kamar gwangwanin madara ne. In ka huda wuri ɗaya, zuba kaɗan zai yi ya tsaya, sai ka huda na biyu iska ta shiga. Tanki ma haka. Mai yana fita, dole iska ta maye gurbinsa ta wannan 'yar ƙofa. In ta toshe, famfon mai zai yi ta ja har ya gaza. Ga shi mutumin nan yana cika tanki har wuya, ba iska a ciki ko ta magani, to daga gidan mai zuwa hawan nan ne iyakar numfashinta."

"To don me ba ta mutu da ni ba?" in ji Yaya.

"Ka zura sanda kafin ka fita?"

"Na zura."

"Da ka mayar da murfin, ka ɗaure shi kamar yadda ubanka yake ɗaurewa?"

Yaya ya girgiza kai.

"Ni ma haka. Mu muna barinsa sakwa-sakwa, iska tana satar hanya ta gefe. Duk garin nan mutum ɗaya ne yake da hannun da zai kashe motar nan, kuma shi ne mai ita."

Baba ya karɓi murfin, ya hura, iska ta fita da 'yar siririyar ƙara. Ya yi dariya, ta farko da na ji daga gare shi tun rasuwar. "Bututu nawa na sa wa mashaƙar iska da hannun nan," ya ce. "Da yaro ne ya kawo min wannan a wurin aiki, da kallo ɗaya zan gaya masa." Sai dariyar ta janye a hankali. Ya juya murfin a tafin hannunsa. "Gaskiya ban nema ba. Ban so in sani ba."

Mai Kunne ya sami abin gogewa a jikin sifanarsa.

Yaya ya ce shi sai ya gani da idonsa, kuma ban ga laifinsa ba. Da yamma muka fita mu uku, Baba a sitiyari, ni a gaba, Yaya a baya, gwiwoyinsa sun tokare kujerata kamar yadda suke yi tun yana sakandare. Aka cika tanki har wuya. Baba ya ɗaure murfin da hankici, Yaya ya gwada da hannunsa ya tabbatar ba ya motsi. Muka ratsa kasuwa, muka hau gada, muka kama hawan. Gwaggo ta haye shi da murya ɗaya, ba tari ba shaƙuwa. Barandar shagon fenti ta zo ta gefena, ta wuce, ta koma baya a madubi.

"Alhamdu lillahi," in ji Yaya, ya sauke ajiyar zuciya. "Baba, ka yafe ni. Makullinka naka ne."

Na yi nasara, amma ban ji daɗinta ba. Ina kallon Baba, idonsa yana kan madubi fiye da kan titi, kuma na ji kamar fil ɗin nan da na soka ba murfin kaɗai ya huda ba. Abu ɗaya ne ya rage a duniya da yake tsayawa don Umma, ni kuma na gyara shi.

Mun ɗan yi gaba, sai Baba ya sa sigina. Ya jira titi ya yi sarari, ya juya, ya gangaro, ya sake juyowa ta wajen gada, ya hau hawan a hankali. A daidai barandar ya sauka gefen titi, ya ja birkin hannu, ya kai hannu ya kashe motar.

"Baba..." in ji Yaya.

"Wannan ba Gwaggo ba ce. Ni ne, kuma da hankalina." Ya zare makullin, ya miƙa shi baya ta saman kafaɗarsa ba tare da ya waiwaya ba. "Gobe ma zan tsaya, jibi ma haka. Kewar Ummanku nake yi, ba hauka nake ba. In wannan ne laifin, ga shi, karɓi."

Makullin yana lilo a tsakanin yatsunsa. Na juya na kalli Yaya. Ba makullin yake kallo ba, yana kallon waje ne ta tagar da muka sha yin faɗa a kanta, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Wata babbar mota ta gangaro ta wuce, gilasai suka yi rawa.

"Nan kwana ce, Baba," in ji Yaya. "Ka ƙara gaba kaɗan, ƙarƙashin bishiyar can, inda titi ya buɗe. Ai ba a barandar Umma take jiranka ba. Can take tsayawa, saboda rana."

Baba ya daɗe yana kallon bishiyar. Sannan ya mayar da makullin, ya tayar da Gwaggo, ya sa sigina ko da yake ba kowa a bayanmu, ya matsa da ita cikin inuwar, ya kashe.